Makokin Wanda Bai Mutu Ba: Yaya Kirista Zai Yi Bayan An Fasa Aure?

'Yar Mawaƙa:
Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Yau nauyin da ke zuciyata ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai, shi ya sa na kawo muku. Shekara 4 wani ɗan'uwa a ikilisiyarmu a nan Kaduna yana nemana da aure, iyaye sun san juna, an kawo kayan gaisuwa, har an fara maganar sa rana. Da kwamitin aure ya tura mu gwajin jini, sakamako ya nuna ni AS ce, shi ma AS ne, wato mu biyun muna ɗauke da ƙwayar ciwon sikila da za mu iya gadar wa 'ya'yanmu. Muka sake yin gwajin a wani wuri dabam, amsa ba ta canja ba. Bayan zama da iyaye da dattawan ikilisiya, mu biyun muka yarda a fasa, yau wata 5 ke nan.

Ba shawarar da aka yanke nake ƙorafi a kanta ba, domin da bakina na amince. Abin da ke ci mini rai shi ne, tun daga ranar babu wanda ya bar ni na yi baƙin ciki. Wannan ya ce in gode wa Allah da aka gane da wuri, wancan ya ce Ubangiji zai ba ni wanda ya fi shi, wani ya turo mini Romawa 8:28 da sassafe, ayar da ta ce kome yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah. Na san duk gaskiya suke faɗa, amma da dare kuka nake yi har barci ya ɗauke ni, kuma na daina zuwa koyon waƙa saboda ƙungiyarmu ɗaya da shi. Tambayata ita ce, shin wannan baƙin ciki alama ce ta ƙarancin bangaskiya? Kuma yaya mutum zai yi makokin wanda bai mutu ba, bai kuma cuce shi ba?

Mama Uwar Zumunta:
'Yata, sannu, sannu ƙwarai. Kafin kowa ya jawo miki wata aya, bari in yi miki abin da ya kamata a yi miki tun wata 5 da suka wuce, wato in yi miki gaisuwar rashi. Kin yi rashi, kuma babba ne. Idan mace ta rasa miji, mu matan zumunta mukan ɗaura zane iri ɗaya mu tafi gidan, mu dafa abinci, mu kwana muna waƙa, mako ya zagayo muna leƙawa. Amma yarinyar da aka fasa aurenta, wadda ta riga ta zaɓi sunayen 'ya'yanta a zuci, ta san unguwar da za su kama ɗaki, ta saba kiran mahaifiyarsa Mama, ita babu mai shimfiɗa mata tabarma. Ranar Lahadi ana sa ran ta zo sujada da fara'a kamar ba abin da ya faru. Na yi shekaru ina cikin masu yin wannan sakaci, sai da abin ya faru a gidana na gane.

Ɗan Sabon Rai:
'Yar'uwa, ina taya ki jimami, amma ina roƙon a ba ni dama in faɗi abin da ke raina. Ni a ganina tushen baƙin cikin shi ne an yi gaggawar miƙa wuya ga takardar asibiti. Allahn da ya ta da Li'azaru bayan kwana 4 a kabari, canja jini ba zai gagare shi ba. Da an tsaya da azumi da addu'a, wataƙila da yanzu ana shirin biki. Tun da har yanzu babu wanda ya yi aure a cikinku, me zai hana ku koma ku tsaya a kan bangaskiya?

Nas a Jos:
Ɗan'uwa, na san da kyakkyawar niyya ka yi magana, amma maganar tana da haɗari, kuma za ta ƙara wa 'yar'uwarmu nauyi, domin yanzu za ta fara zargin kanta da cewa ita ce ta kasa ba da gaskiya. Idan AS ya auri AS, kowane ciki da aka ɗauka yana da yiwuwar kashi 25 cikin 100 ya zo da SS, wato mai ciwon sikila. Lissafin nan sabo ne a kowane ciki, ba ya nufin cewa a cikin yara 4 ɗaya ne kawai zai kamu. Ana iya haifar 3 a jere duk masu sikila, ana kuma iya haifar 5 babu ko ɗaya. Labaran da ake ji na cewa jini ya canja, sau da yawa idan aka bincika kuskure ne aka yi a ɗayan gwajin, shi ya sa ake maimaitawa, kuma ta ce sun maimaita. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan yaran da ake haifa da wannan ciwo, ni kuwa na sha kwana a ɗakin yara ina riƙe da hannun yaro yana ihu saboda ciwon ƙashi. Ba na musun ikon Allah ko kaɗan. Amma mutum biyu da suka bar abin da suke so saboda yaran da ba a haifa ba tukuna, ƙauna suka nuna, bai kamata a kira shi tsoro ba.

'Yar'uwa daga Gombe:
Ni SS ce, shekaruna 31, ina aiki, ina koyarwa a makarantar Lahadi. Ina roƙon duk mai yi wa wannan 'yar'uwa ta'aziyya ya daina cewa Allah ya tsare ta daga masifa, domin mu da muke ɗauke da ciwon muna ji, kuma mu ba masifa ba ne. Duk da haka, 'yar'uwa, da kin tambaye ni, da na ce shawarar da kuka yanke ita ce daidai, don na san abin da mahaifiyata ta sha. Ni ma an taɓa barina saboda jinina, iyayen saurayin suka ƙi ko da yake shi AA ne, wato ba ya ɗauke da ƙwayar ciwon. Don haka na san irin kukan da kike yi, kuma ba zan ce miki ki daina ba.

Ɗan Sabon Rai:
Na ji, kuma ina neman gafara idan maganata ta sosa wa wani rai. Sai dai har yanzu ina da tambaya ga iyayenmu: idan Bulus ya ce mu yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, ina wurin wata 5 na kuka a rayuwar mai bi?

Baba Fasto Mai Ritaya:
Ɗana, tambayarka tana da kyau, kuma na ji daɗi da ka nemi gafara ba tare da an matsa maka ba. Bulus ɗin da ya rubuta Filibiyawa 4:4 yana tsare, shi ne a cikin wasiƙar nan ɗaya, sura 2 aya 27, ya ce da abokin aikinsa Abafaroditas ya mutu da baƙin ciki ya taru masa a kan baƙin ciki. Shi ne kuma ya ce a Romawa 12:15 mu yi kuka tare da masu kuka. Game da komawa a yi auren a jira mu'ujiza, ka tuna amsar da Ubangijinmu ya ba Shaiɗan a kan ƙololuwar Haikali a Matiyu 4:7, cewa kada a gwada Ubangiji Allah. Wannan ya isa a kan wancan batu.

Yanzu ke, 'yata. Kin tambaya yadda ake makokin wanda bai mutu ba, kuma Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan wannan ba. Ki buɗe 1 Sama'ila 15:35. Annabi Sama'ila ne ya zuba wa Saul mai, shi ya gabatar da shi ga jama'a, ya ɗora begensa a kansa. Da al'amarin ya lalace, nassi ya ce Sama'ila bai ƙara zuwa ganin Saul ba har ranar mutuwarsa, amma ya yi ta makoki dominsa. Saul yana raye, yana kan gadon sarauta, yana ci yana sha, annabin Allah kuwa yana Rama yana makokinsa. Na san dangantakarsu ba ta aure ba ce, kuma Saul laifi ya yi, saɓanin naku da babu mai laifi. Amma irin ciwon ɗaya ne: mutum yana nan da ransa, abin da ka gina a kansa kuwa ya rushe.

Ki lura da abin da ya biyo baya a farkon sura 16. Allah ya tambayi Sama'ila har yaushe zai yi ta makokin Saul, sa'an nan ya ce masa ya cika ƙahonsa da mai ya tafi Baitalami gidan Yesse. Abu biyu nake gani a nan. Allah bai ce makokin zunubi ne ba, ya bar shi ya yi. Kuma da lokacin tashi ya yi, Allah da kansa ne ya faɗa, ya haɗa da ba shi aiki a hannu. Ba maƙwabta ne suka gaji da ganin fuskarsa suka tsayar masa da rana ba. Masu ce miki ya isa haka, yawancinsu su ne suka gaji, ba Ubangiji ba.

Ayar Romawa 8:28 gaskiya ce, na yi wa'azi a kanta fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Amma wanda ya karanta daga aya 22 zai ga nishi ne ya cika wurin: halitta tana nishi, mu muna nishi, Ruhu ma yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki. Aya 28 ga masu nishi aka rubuta ta. Karin Magana 25:20 kuwa ta kwatanta mai rera wa mai baƙin ciki waƙa da mai tuɓe wa mutum riga a ranar sanyi. Magana tana iya zama gaskiya ta kuma zo ba a kan lokacinta ba. Abokan Ayuba ma kwana 7 da suka yi zaune a ƙasa tare da shi ba su ce komai ba, shi ne abu mafi kyau da suka yi. Da suka buɗe baki suna bayyana masa dalilin wahalarsa, a ƙarshe Allah ya husata da su.

'Yar Mawaƙa:
Baba, na gode. Na sha karanta labarin Sama'ila, amma kullum hankalina yana kan Dawuda da za a naɗa, ban taɓa tsayawa a kan tsohon da yake kuka ba. Akwai abin da ban faɗa ba da farko saboda kunya. Ina jin haushin Allah. Shi ya halicci jinina, shi ya halicci nasa, ya kuma bar mu shekara 4 muna addu'a tare muna neman nufinsa, bai nuna mana komai ba. Idan na durƙusa, bakina ba ya buɗewa. Da ma wani ne ya ci amanata, da na san wanda zan yafe wa.

Baba Fasto Mai Ritaya:
'Yata, wannan da kika rubuta yanzu, ki durƙusa ki faɗa masa shi kamar yadda kika faɗa mana, domin addu'a ce. Kusan kashi ɗaya bisa uku na Zabura 150 kuka ne da kai ƙara. Zabura 13 ta tambayi Allah har yaushe sau 4 a ayoyi 2 na farko. Zabura 88 ta fi ban mamaki, domin ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu yabo a ƙarshenta, amma Ruhu Mai Tsarki ya bar ta a cikin littafin sujadar mutanen Allah. Mai kai ƙara wurin Allah bai bar Allah ba tukuna. Abin da nake tsoro a kanki shi ne shiru, irin wanda mutum yakan daina magana da Ubangiji gaba ɗaya alhali yana ci gaba da zuwa sujada. Idan kalmomi sun ƙi zuwa, ki karanta Zabura 42 da ƙarfi a ɗakinki, ki bar ta ta zama bakinki har naki ya dawo.

Zan kuma faɗi laifinmu, mu shugabanni. Bai kamata a ce sai an kai ga kwamitin aure ne matasa za su san jininsu ba. Da tun a ƙungiyar matasa muke sa kowa ya yi gwaji, da shekara 4 ɗin nan ba su tafi haka ba. Wani kaso na haushin da kike ji, a kanmu ya kamata ya sauka.

Malamin Makaranta a Zariya:
Kin ce da cin amana ne da kin san wanda za ki yafe wa. Ni nawa cin amanar ne, kuma ina so in gaya miki cewa bai fi sauƙi ba. Shekara 3 na yi da wata, na taimaka da kuɗin karatunta, sai ga katin aurenta da wani a Facebook. Mu maza ba a ma ba mu damar da ake ba mata. Abokai suka ce mata sun yi yawa a gari, in tashi in nemi wata. Na bi shawararsu, cikin wata 2 na fara neman wata yarinya da ba ta san komai ba, na wahalar da ita da zargi da fushi har ta gaji ta tafi. Wannan shi ne abin da na fi nadama a kansa, domin ciwon da aka ji mini na ɗora wa mara laifi. Zabura 55 daga aya 12 zuwa 14 ce ta fara ba ni kalmomi, inda Dawuda yake cewa da maƙiyi ne ya yi masa da ya jure, amma abokinsa ne da suke tafiya Haikali tare. Yafewa ta ɗauke ni fiye da shekara, kuma ba rana ɗaya na yi ta ba, kowace safiya sai na sake. Shawarata gare ki ɗaya ce: duk wanda ya zo yanzu da maganar aure, ko da AA ne, kada ki karɓe shi don ya rufe miki rauni.

'Yar'uwa daga Gombe:
Malam ya taɓo gaskiya. Bayan irin wannan rabuwa, 'yan'uwa sukan fara kawo wa mutum duk namijin da aka ji AA ne, kamar jini kaɗai ake aure.

'Yar Mawaƙa:
An riga an kawo mini 2, na ƙi, har gwaggona ta yi fushi. To, ina da tambaya ta zahiri. Har yanzu muna gaisawa a WhatsApp kusan kowace rana, domin ba mu yi faɗa ba, kuma shi kaɗai ne ya san abin da nake ji. In daina? Kuma in canja ikilisiya ne?

Mama Uwar Zumunta:
'Yata, a nan zan yi miki magana irin ta uwa, ko da ba za ta yi daɗi ba. Ki daina. Miki ba ya warkewa idan kullum ana ɓare shi, kuma wanda kike makokinsa ba zai iya zama mai share miki hawaye ba. Ku biyun kuna cikin rauni, kuna son juna, kuma kun san babu aure a gaba. Irin wannan kusanci ya kai yara da yawa ga abin da ya fi fasa aure ciwo, na gani da idona. Ba gaba nake cewa ku yi ba. Ku zauna sau ɗaya a gaban wani dattijo ko matar fasto, ku gode wa juna, ku yi addu'a, ku sallami juna da mutunci, ku yarda cewa babu saƙo babu kira na wani lokaci mai tsawo. Baba ya nuna mana cewa Sama'ila ma nesa ya yi da Saul yana makokin.

Ikilisiya kuwa, ban goyi bayan ki bar ta ba, domin a nan ne mutanenki suke, kuma mai baƙin ciki idan ya zama baƙo a sabon wuri kaɗaici yakan ninku. Idan kuna da sujada 2, ta Hausa da ta Turanci, ki riƙa zuwa wadda ba ya zuwa na ɗan lokaci. Ki sami shugaban mawaƙa ki nemi hutu a fili, kada ki ɓace kawai a yi ta raɗe-raɗi.

Malamin Makaranta a Zariya:
Mama, a kan wannan ina da ɗan bambancin ra'ayi, da izininki. Wani lokaci barin wurin na 'yan watanni shi ne lafiya, musamman ranar da za a fara kiran aurensa da wata daga kan bagade, domin ranar za ta zo. Ni sai da na koma wani reshe na ikilisiyarmu na kusan shekara kafin na iya sauraron wa'azi da natsuwa. Muddin ta sanar da fastonta, kuma tana ƙarƙashin kiwon wani, ban ga aibu ba.

Mama Uwar Zumunta:
Ɗana, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan da sanin fasto ne, ba zan ja ba. Abin da na ƙi shi ne ta zauna a gida ranar Lahadi da sunan hutawa.

Nas a Jos:
Bari in ƙara abu ɗaya ta fuskar jiki. Da annabi Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, abin da mala'ika ya fara yi shi ne ya ba shi abinci da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashe shi ya ci, kafin a zo ga wata magana. 'Yar'uwa, ki ci abinci ko ba kya jin yunwa, ki riƙa fita kina tafiya, ki ajiye waya nesa da gado. Baƙin ciki na rashi yakan zo ya lafa ya sake dawowa, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma idan kin yi fiye da mako 2 a jere babu barci, babu cin abinci, kin kasa aiki, komai ya fita daga ranki, ko kuma tunanin cewa gara mutuwa ya fara zuwa miki, to ki gaya wa wani a ranar, ki ga likita. A Kaduna akwai asibitin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, ba ya kuma rage masa bangaskiya.

Ɗan Sabon Rai:
Na koma na karanta Yohanna 11, labarin Li'azaru da na ambata ɗazu. Na tuna tashin Li'azaru, na manta cewa a aya 35 Yesu ya yi kuka, alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. 'Yar'uwa, ki yafe mini.

'Yar Mawaƙa:
Na yafe maka, ɗan'uwa, kuma na gode wa kowa. Jiya da dare na karanta Zabura 88 da ƙarfi, na yi kuka sosai, amma karo na farko ke nan cikin watanni da na ji da Ubangiji nake magana. Haushin bai tafi ba tukuna, na dai faɗa masa. Ina cin abinci, barci ne yake yi mini wuya, zan lura da abin da Anti Nas ta faɗa. Na kira matar fastonmu, ta yarda mu zauna mu uku ranar Alhamis mu yi sallama, daga nan zan daina saƙon. Batun canja ikilisiya ban yanke ba. Ranar Asabar kawuna zai mayar da kayan gaisuwa gidansu, akwatin yana ɗakina tun lokacin, na kasa taɓa shi. Ina roƙon ku tuna da ni a ranar, da shi ma, domin shi babu wanda yake tambayarsa yadda ya kwana.

Mama Uwar Zumunta:
Za mu tuna da ku duka biyu. Kada ki haɗa kayan nan ke kaɗai, 'yata. Ki kira wata daga cikin iyayenki mata ta zo tun daren Juma'a ta kwana a ɗakinki, ku naɗe su tare, kuma ta zauna da ke har kawunki ya dawo.